Yadda Ake Aiki da Babban Ofam Mai Ƙarfi Ba Tare da Ya Ƙone Ba

Ƙaramin amfilifayan nan da masu aikin lantarki ke kira ofam, irin 741 ko LM358, yana da haƙuri. Ko ka yi kuskure ka haɗa ƙafar fitarwarsa da giraun, wato layin da ake ɗauka a matsayin sifilin boltej, karent ɗin da zai iya turawa bai taka kara ya karya ba, sai ya ɗan ɗumama ya ci gaba da aikinsa. Manyan ofam kuwa, irin OPA548 mai ba da amfiya 3 ba tsayawa, da OPA549 mai amfiya 8, da OPA541, da LM675, da PA12 na kamfanin Apex, ba sa yafe irin wannan kuskure. A kan takarda zanensu ɗaya ne da na ƙananan: ƙafar shiga biyu, ƙafar fita ɗaya, resista biyu na mayar da sigina baya. Wannan kamannin shi ke ruɗar mutane, su haɗa babba yadda suka saba haɗa ƙarami, a kunna wuta, ya yi aiki na minti biyar ya mutu.

Abin da ke kashe shi kusan kullum ɗaya ne: boltej ɗin da ya rage a kan taransistan fitarwa, a ninka shi da karent ɗin da ke ratsa ta, a daidai lokacin da abu ya fi tsanani. Shafin farko na takardar bayanan OPA548 zai ce maka bolt 60 da ƙololuwar amfiya 5. Duka biyun gaskiya ne, amma ba za ka same su tare a kan taransista ɗaya ba. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na gano wannan mummunan lokaci tun kafin ya zo.

Mataki na farko: san lodinka kafin ka zaɓi ofam

Rubuta abu huɗu: boltej mafi girma da lodin, wato abin da ofam zai tura wa wuta, ke buƙata, karent mafi girma, firikwansi mafi girma, da kuma irin lodin. Na ƙarshen nan shi aka fi yin sakaci da shi. Resista zalla ce, kamar wayar dumama? Koyil ne, kamar maganaɗisun lantarki, bawul ko lasifika? Moto ne mai juyawa? Ko kuwa abu ne mai halin kafasita, kamar fiyezo ko doguwar kebul? Kowanne da irin wahalar da yake ba ofam.

Daga nan ka tsayar da boltej ɗin tushen wuta. Ofam ba ya iya kai fitarwarsa har bakin layin wuta. OPA548 idan yana tura amfiya 3 yakan bar kusan bolt 4 tsakaninsa da layin fulos. Saboda haka in kana son bolt 20 a kan lodi, layuka na ±24V sun isa. Kada ka ƙara a kan haka da sunan a samu rara. Duk bolt ɗin da ka ƙara wanda lodi bai amfana da shi ba, zafi zai zama a cikin ofam.

Ka duba saurin hawan fitarwa ma. Igiyar sain mai ƙololuwar Vp a firikwansi f tana buƙatar saurin 2π × f × Vp. OPA548 yana hawa kusan bolt 10 a kowace maikurodaƙiƙa, wato da ƙololuwar bolt 20 ba zai wuce wajen kilohaz 80 ba kafin igiyar ta fara komawa mai kusurwa uku.

Mataki na biyu: lissafin zafin da zai rage a ciki

A nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure, domin hankali yakan ba mutum cewa ofam ya fi shan wahala lokacin da ya buɗe ƙarfinsa duka. Da lodin resista ba haka ba ne. Idan fitarwa ta kusa kai layin wuta, karent yana da yawa amma boltej ɗin da ke kan taransista kaɗan ne. Idan fitarwa tana kusa da sifili, boltej ɗin duka yana kanta amma karent babu. Tsananin yana tsakiya, lokacin da fitarwa take rabin layin wuta:

P = Vs² ÷ (4 × R)

P shi ne zafin da ke raguwa a cikin ofam, Vs boltej ɗin layi ɗaya, R kuma tirjiyar lodi. Da ±24V da lodin om 8: 576 ÷ 32 = wat 18. Wato idan fitarwa ta tsaya a bolt 12, amfiya 1.5 na gudana, lodi na cin wat 18, ofam shi ma na cin wat 18.

Idan siginar igiyar sain ce, taransistoci biyu suna karɓa-karɓa, kuma matsakaicin zafin mafi girma shi ne 2 × Vs² ÷ (π² × R), wanda ke faruwa lokacin da ƙololuwar igiya take kusan kashi 64 cikin 100 na Vs. A misalinmu wat 14.6 ke nan. Amma wannan sassauci na igiya mai sauri ne kawai. Ƙasa da wajen haz 50, guntun silikon yana ɗumama ya huce tare da igiyar, don haka ka yi lissafi kamar wuta ce tsayayya. Sai ka ƙara abin da ofam ke ci yana zaune ba aiki: bolt 48 sau kusan miliamfiya 20, wajen wat 1.

Dubi abin da rage layin wuta ke yi. In bolt 10 kawai lodin ke buƙata, ka sauko zuwa ±15V: 225 ÷ 32, wat 7 maimakon 18. Babu wani farantin sanyaya da zai ba ka wannan ribar a arha haka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A ce lodin koyil ne zalla, wanda ke jan ƙololuwar amfiya 2.5, daidai da abin da resistar om 8 za ta ja a bolt 20. Tushen wuta yana ba da matsakaicin 2 × Vs × Ip ÷ π, inda Ip yake ƙololuwar karent, wato wat 38. Da resista, wat 25 daga ciki na tafiya lodi, ofam ya riƙe 13. Koyil zalla ba ya cinye komai: yana karɓa ya ajiye, ya dawo da shi. Duk wat 38 ɗin a cikin ofam za su ƙare. Bugu da ƙari, karent ɗin koyil yana zuwa a makare, yana kai ƙololuwa daidai lokacin da fitarwa ke ratsa sifili, wato lokacin da bolt 24 duka ke kan taransista. Amfiya ɗin bai canza ba, zafin ya kusa ninka uku. Lodi mai halin kafasita ma haka yake yi, sai dai nasa karent ɗin yana riga boltej zuwa.

Moto ya fi su duka. A ce tirjiyar wayarsa om 2 ce, yana gudu da bolt 20, yana samar da nasa boltej na komawa baya kusan bolt 18. Aka ba da umarnin juya akala nan take, an kuma kafa iyakar karent a amfiya 3. Moton bai tsaya ba, nauyinsa na ci gaba da juya shi, don haka ƙafar fitarwa tana nan a 18 − (3 × 2) = bolt 12 sama da giraun, alhali taransistan ɓangaren mainos ce ke jan karent ɗin zuwa −24V. Bolt 36 sau amfiya 3: wat 108, har sai moton ya rage gudu. Da'irar da ta yi wata guda tana aiki lafiya takan mutu ranar da wani ya fara juya moto da gaggawa. Maganinsa a siginar umarni yake: a sa ta riƙa sauka a hankali ta ratsa sifili, kada ta yi tsalle.

Mataki na uku: zanen iyakar aiki lafiya

A takardar bayanai akwai zane da aka yi wa laƙabi da SOA, wato iyakar aiki lafiya. Layin kwance yana nuna boltej ɗin da ke kan taransista, wato bambanci tsakanin layin wuta da fitarwa. Ba boltej ɗin lodi ba ne, a kula da wannan sosai. Layin tsaye yana nuna karent. Ka ɗauki kowane mummunan yanayi da ka lissafa a sama, ka sa masa ɗigo a kan zanen. Duk ɗigon da ya faɗa sama da layin iyaka, da'irarka ba ta da lafiya, ko da ta yi aiki a kan tebur.

Zanen yana da ɓangare uku. Rufin sama iyakar karent ce da siraran wayoyin ciki za su iya ɗauka. Gangaren tsakiya iyakar zafi ce. A ofam masu taransistan baifola akwai gangare na uku, mai tsananin sauka, a wajen boltej mai yawa: a nan karent yakan taru a ɗan ƙaramin wuri ɗaya na silikon, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara jawo karent, har ya huda. Wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido, jikin ofam na iya kasancewa da sanyi a hannu, kuma kariyar zafi ta ciki ba lalle ta riga shi ba.

Layin da ya fi kyau a zanen yawanci na jiki mai zafin digiri 25 ne, abin da ba za ka samu a cikin akwati rufaffe ba. Yi amfani da layin digiri 85 ko wanda ya fi kusa da gaskiyar aikinka. Layukan bugu na ɗan lokaci kuma, irin na milidaƙiƙa ɗaya ko biyar, na bugu guda ne da ke da hutu a bayansa. Tashin moto mai ɗaukar rabin daƙiƙa ba ya cikinsu.

Mataki na huɗu: kafa iyakar karent

Kada ka bar iyakar a ƙarshen abin da ofam zai iya. Kafa ta kaɗan sama da buƙatar lodi, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Hanya biyu ake bi. A wasu ofam, babban karent ɗin yana ratsa wata ƙaramar resista ta waje, idan boltej ɗin kanta ya kai wajen 0.65V sai wata taransista ta ciki ta rage tuƙi. Amfiya 3 na buƙatar kusan om 0.22, kuma za ta ci kusan wat 2, don haka sa mai wat 5, wadda ba naɗaɗɗiyar waya mai halin koyil ba. Ka manna ta kusa da ƙafa, domin miliom 20 na waya da dalma kaɗai sun isa su karkatar da iyakar da kusan kashi 10. Wannan 0.65V ɗin kuma yana sauka da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Ofam mai zafi zai iya datse karent a wajen amfiya 2, mai sanyi kuma ya bari ya wuce 3. Kowace na'ura da nata lissafin a takardarta, shi za ka bi.

OPA548 da OPA549 ba sa buƙatar babbar resista. A OPA548 ƙaramar resista ce tsakanin ƙafar iyaka da layin mainos, lissafinta kuwa R = (71250 ÷ I) − 13750. Amfiya 3 ya ba da kiloom 10, amfiya 2.5 ya ba da kusan kiloom 14.7.

Iyakar karent ba ta mayar da shot, wato haɗuwar layuka kai tsaye ba lodi a tsakani, abin wasa. Idan fitarwa ta taɓa giraun da iyakar amfiya 3 a kan ±24V, wat 72 ne a kan taransista ɗaya. Idan layin wuta na ɗaya ɓangaren ta taɓa, 144. Kariyar zafi ta OPA548 tana kashe fitarwa a wajen digiri 160, ta dawo da ita a wajen 140. An yi ta ne don haɗari. Na'urar da ke shiga tana fita daga wannan kariya kullum tana tsufa da wuri, kuma alama ce cewa farantin sanyaya ya yi kaɗan. Ƙafar da ke nuna halin ofam tana sanar da shigarsa kariya. Haɗa ta da abin da zai yanke aikin gaba ɗaya ya fi barin sa yana ta kunna kansa yana kashewa a kan shot.

Mataki na biyar: farantin sanyaya da ɗaurinsa

Zafi yana ratsa tirjiya uku a jere kafin ya kai iska: daga silikon zuwa jikin ofam, daga jiki zuwa faranti, daga faranti zuwa iska. Kowacce ana auna ta da digiri a kan kowane wat. A ce zafinmu wat 19 ne, iskar cikin akwati digiri 40, kuma ba ma son silikon ya wuce 125. Tazarar digiri 85 ce, a raba da 19, ya ba da 4.5. A ce takarda ta ba da 2.5 daga silikon zuwa jiki, takardar rufi mai hana wuta ratsawa zuwa faranti da man zafi suka ci 0.8. Saura 1.2. Kana buƙatar faranti mai digiri 1 a kan wat, wanda babban gungumen alminiyon ne mai fukafukai, ko kuma matsakaici da fanka. Zafin iskar da ke cikin akwati za ka sa a lissafi, ba na ɗaki ba. Digiri 125 ɗin ma iyaka ce ta ƙarshe; in za ka iya tsayawa a 100, na'urar za ta fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Wajen ɗauri ake zubar da ribar lissafin. Fuskar faranti ta zama sumul, a goge duk wani tsinin ƙarfe da huda rami ya bari, domin ɗan tsini ɗaya zai ɗaga ofam ya bar iska a ƙarƙashi, ko ya huda takardar rufi. Man zafi kaɗan ake shafawa, siriri har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne, idan ya yi kauri shi kansa shinge ne. Ɗaure sukuru kafin ka like ƙafafu da dalma, in ba haka ba ɗaurin zai riƙa jan ƙafafun har dalma ta tsage bayan watanni. Mai jikin gwangwanin ƙarfe da ake kira TO-3 yana da sukuru biyu: juya wannan kaɗan, juya wancan kaɗan, har su kama tare, da ƙarfin da takarda ta faɗa. Kada ka sa masa takardar rufi mai laushi irin ta roba, domin gindinsa zai lanƙwashe, farantin tangaran da ke ciki ya tsage. Wasu daga cikin irin waɗannan suna ɗauke da beriliyam oksaid a ciki, wanda ƙurarsa guba ce ga huhu, don haka ko ya mutu kada a fasa shi ko a goga shi da zarto.

Ka san inda ƙarfen bayan ofam yake haɗe. A OPA548 da OPA549 yana haɗe da layin mainos. Ka ɗaure shi kai tsaye a kan farantin da ke taɓa akwati, ka yi wa tushen wutarka shot ke nan. Ko dai ka sa takardar rufi da zoben rufi na sukuru, ko ka ware farantin gaba ɗaya daga akwati. Bayan ɗauri, auna da maltimita tsakanin ƙarfen bayan da faranti kafin ka kunna komai. Fukafukan faranti su tsaya a tsaye don iska mai zafi ta samu hanyar hawa.

Mataki na shida: layukan wuta da giraun

Waya tana da indoktans na kusan nanohenri 10 a kowane santimita. Santimita 30 daga tushen wuta ya ba da maikurohenri 0.3, kuma idan amfiya 3 ya canza cikin maikurodaƙiƙa ɗaya, kusan bolt guda zai yi tsalle a ƙafar wutar ofam. Wannan tsallen yana komawa cikin sigina, ya zama karkarwa, wato ofam ya riƙa kaɗawa shi kaɗai. Saboda haka kowace ƙafar wuta tana buƙatar kafasita biyu zuwa giraun: ta tangaran mai 0.1µF manne da ƙafar, tazara ƙasa da santimita ɗaya, da babba ta ilektorolait, aƙalla 10µF a kan kowane amfiya na ƙololuwa, cikin 'yan santimita. Wayoyin fulos, mainos da giraun a murɗe su tare.

Giraun kuma ba sifili ba ne a ko'ina. Layin tagulla na allo na yau da kullum, mai faɗin milimita 1 da tsawon santimita 10, yana da kusan miliom 50. Amfiya 3 a kansa ya ba da milibolt 150. Idan giraun ɗin siginar shiga ya hau wannan layi, ninkin da da'ira ke yi wa sigina kuma 10 ne, bolt 1.5 na kuskure zai bayyana a fitarwa, kuma in ya dawo ta ƙafar fulos ta shiga, da'irar za ta kama karkarwa. Zaɓi wuri ɗaya, tsakiyar manyan kafasitocin nan biyu, ya zama mahaɗa. Wayar dawowar lodi ta zo nan ita kaɗai, mai kauri. Giraun ɗin sigina ya zo nan ta nasa layin. Resistar mayarwa ta ɗauko sigina daga inda kake son boltej ya zama daidai, ba daga tsakiyar layin da babban karent ke bi ba. Layin fitarwa ya yi nesa da ƙafar fulos ta shiga.

Mataki na bakwai: dayod na kariya

Idan aka yanke karent ɗin koyil farat ɗaya, kamar lokacin da kariyar zafi ta kashe fitarwa, koyil zai harba boltej sama da layin wuta don ya samu hanya. Sa dayod biyu masu saurin farfaɗowa, irin MUR460 ko makamancinsa: ɗaya daga fitarwa zuwa layin fulos, bakinsa mai zobe yana kallon fulos, ɗaya daga layin mainos zuwa fitarwa, zobensa yana kallon fitarwa. Dole su jure jimillar layuka biyu da rara. Dayod ɗin da ke cikin wasu ofam ba a yi su don bugu mai maimaituwa ba.

Dayod ya tura kuzarin zuwa layin wuta, to ina zai je daga nan? Yawancin tushen wuta suna bayarwa ne, ba sa karɓa. Koyil mai milihenri 10 da amfiya 3 yana riƙe da milijul 45. In ya zuba shi a kafasita mai 1000µF, layin zai tashi daga 24 zuwa kusan 25.8. In 100µF ce, zai kai 38, jimillar layuka biyu ta haura 62, ta wuce bolt 60 da OPA548 zai iya jurewa. Saboda haka lodin koyil ko moto yana buƙatar manyan kafasitoci, da dayod mai datse tsallen boltej a kan kowane layi, wanda ke fara aiki kaɗan sama da boltej ɗin layin. Irin wannan dayod mai fuska ɗaya yana da wani amfanin: idan layi ɗaya ya riga ɗan'uwansa tashi, ko fis ɗin ɗaya ya tsinke, yana hana layin da ya mutu juyewa zuwa kishiyar alama.

A ɓangaren shiga, idan sigina na iya tsalle fiye da saurin ofam, ƙafafun shiga biyu za su rabu da boltej mai yawa na ɗan lokaci. Dayod 1N4148 biyu, kai da ƙafa tsakanin ƙafafun, da resista a gabansu, sun isa.

Mataki na takwas: karkarwa

Ofam mai karkarwa yana kaɗawa shi kaɗai a firikwansi mai tsayi da maltimita ba ya gani. Alamominsa: faranti yana zafi ba lodi, karent ɗin zama ya fi na takarda, boltej ɗin fitarwa yana motsi idan ka kawo yatsa kusa da allo. A osiloskof za ka ga layin ya yi kauri, ko wani gashi-gashi ya fito a kan igiya, sau da yawa a rabin mainos kawai kuma sai karent ya kai wani mataki.

Fara da duba mafi ƙarancin ninkin da ofam ya yarda da shi. LM675 yana buƙatar ninki 10 ko sama. Ka haɗa shi da ninki ɗaya, zai kaɗa komai kyan allonka. Sannan auna firikwansin karkarwar. In tana can sama, megahaz da yawa, kuma canza ninki bai taɓa ta ba, matsalar ta matakin fitarwa ce ko ta kafasitocin wuta. Maganinta resista da kafasita a jere daga fitarwa zuwa giraun, kusa da ƙafa: fara da om 10 da 0.1µF, ka rage kafasitar har ka samu mafi ƙanƙanta da ke kwantar da ita. Resistar tana cin wuta, kusan wat 0.3 a kilohaz 20 da cikakkiyar igiya, don haka sa mai wat 1 ko 2. In ta ƙone, alama ce karkarwar ba ta tafi ba.

In karkarwar tana ƙasa, kuma tana ƙaruwa idan ka ƙara tsawon kebul ko kafasitar lodi, to zagayen mayarwa ne ya rasa rara. Raba ofam da lodin ta ƙaramin koyil na 'yan maikurohenri da resista ta 'yan om a gefensa, ka ɗauki mayarwa daga ɓangaren ofam. Ƙara ninki ma yana taimakawa. Resistocin mayarwa su tsaya a 'yan kiloom zuwa 'yan gomiya. Manya suna haɗuwa da kafasitans ɗin ƙafar shiga su jinkirta sigina, kuma 'yar kafasita ta fikofarad 10 zuwa 50 a gefen resistar mayarwa takan gyara hakan, muddin ofam ɗin ya yarda da ƙaramin ninki.

Kunnawar farko

Cire lodi, haɗa shiga da giraun. Yi amfani da tushen wuta na tebur mai iyakar karent, ka kafa ta a wajen miliamfiya 100, boltej kuma a mafi ƙarancin da ofam ke aiki da shi. Kunna layuka biyu tare. Karent ɗin zama ya yi daidai da takarda, fitarwa ta tsaya kusa da sifili, layin osiloskof ya zama siriri. In ɗaya ya saɓa, kashe ka bincika.

Ɗaga boltej a hankali zuwa na aiki. Ba shi ƙaramar igiyar sukwaya, wajen bolt ɗaya a fitarwa, ka dubi kusurwoyinta: ɗan tsalle guda da ya kwanta nan da nan ba laifi, amma kaɗawa huɗu ko biyar na nufin kana bakin rami. Sai ka sa resista mai ƙarfi a madadin lodi, ka ɗaga iyakar tushen wuta, ka maimaita da ƙarama da babbar igiya. Tsayar da fitarwa a rabin layi, inda zafi ya fi yawa, ka rufe akwati, ka bar shi aƙalla rabin sa'a har zafin ya daina hawa. Auna zafin jikin ofam da tamokoful, wato wayar awon zafi, ka ƙara masa wat sau tirjiyar silikon zuwa jiki. Jiki mai digiri 75 da wat 19 da 2.5 yana nufin silikon na wajen 122.

Gwada iyakar karent da resista ƙarama wadda za ta kai shi iyaka ba tare da fita daga zanen SOA ba, a ƙaramin boltej, ba da guntun waya ba. Bayan duk wannan ne lodin gaskiya zai hau, da ƙaramar sigina tukuna, sannan a gwada masa mafi munin abin da zai gamu da shi: moto a riƙe ya kasa juyawa, juyin akala, yanke wuta ana tsakiyar aiki. Kada ka cire ko ka haɗa wayar koyil wuta na kunne. Tsinin awo ka maƙala shi wuta na kashe, domin ƙafafun suna kusa da juna kuma zamewa ɗaya ta isa. In kuma ofam biyu ka haɗa gada, lodi a tsakaninsu, babu ɓangaren lodin da yake giraun: maƙalin giraun na osiloskof a kan ɗayansu shot ne kai tsaye, sai dai ka auna da tsini biyu ka ɗebe ɗaya daga ɗaya.